Hannun da ya riga hankali

  

Yau ina so mu yi magana a kan hannu. Tambayata guda ce. Shin daidai ne mutum ya koya wa hannunsa zare makami da sauri, har hannun ya riga hankali? Kada ka yi saurin amsawa. Zauna mu duba tare.

Yadda hannu yake koyo

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Aikina kullum shi ne koya wa hannun manya abin da bai sani ba. Kai mai karatu, ka tuna ranar da ka fara riƙe alli? Hannunka ya saba da hauya da gatari, amma ɗan alli ya gagare shi. Yatsu sun ƙage, gumi yana zuba. Ka yi baƙi guda, ya fito a karkace. Ka goge, ka sake. Gobe ma haka, jibi ma haka.

To, yau fa? In an miƙo maka takarda an ce ka rubuta sunanka, ba ka tsayawa tunani. Hannu yana tafiya shi kaɗai. Kana iya yin hira da wani kana rubutawa.

Haka mai saƙa yake. Haka mai ɗinki, haka mace mai daka. Abin da aka maimaita sau dubu yakan sauka daga kai, ya zauna a hannu. Wannan baiwa ce babba. Amma ka riƙe wannan: hannu ba ya zaɓe. Abin da ka koya masa shi zai yi, ko mai kyau ko maras kyau. Kuma ba zai tsaya neman izninka ba.

Abin da samari suka gani a waya

Wata rana mun tashi daga karatu, sai na ga samari sun taru a kan wayar ɗayansu. Na leƙa. Wani mutumin Amurka ne a tsaye cikin ɗakinsa. Ya ɓoye ƙaramar bindiga cikin kube a ƙugunsa, riga ta rufe ta. Wani ɗan agogo ya yi ƙara. Nan take ya ɗaga riga ya zaro bindigar. Ya mayar da ita. Agogo ya sake ƙara, ya sake zarowa. Haka ya yi ta yi, yana auna saurinsa.

A Amurka wannan ba baƙon abu ba ne. Kowace jiha a can ta yarda farar hula ya ɗauki ƙaramar bindiga a ɓoye, bisa wasu sharuɗɗa. A fiye da rabin jihohin, ba a ma neman takardar izni ta musamman. Shi ya sa mutane da yawa suke cire harsashi daga bindiga, su tsaya gaban madubi suna gwajin zarowa. Suna da hujjarsu. A shekarar 1983 wani ɗan sanda mai suna Denis Tula, a birnin Solt Lek Siti, ya yi gwaji. Ya ga mutum mai wuƙa yana iya cin tazarar mita 6 da ɗan ɗori cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Tun daga nan masu bindiga suke cewa, in ba ka da sauri, kafin ka zaro an iso ka.

Samarin nan suka ce mini, "Mushe, ka ga namiji!" Wani dattijo da yake karatu tare da su ya yi dariya. Ya naɗe hannun rigarsa, sai ga wuƙa cikin kube ɗaure a damtsensa. Ya ce, "Yara, wannan ai tsohon zance ne. Kafin a haife ku muke yinsa."

Gaskiya ya faɗa. A ƙasarmu ba a riƙe bindiga sai da takardar izni daga hukuma, kuma ƙaramar bindiga ba ta yawaita a ƙauyukanmu ba. Amma muna da wuƙar damtse, muna da takobi, muna da wuƙar da ake sokewa a ƙugu. Muna da samarin da suke alfahari da saurin zare su. Sunan makamin ne ya bambanta. Tambayar guda ce, a can da nan.

Hujjar mai shiri

Kada mu raina mai ɗaukar makami tun ba mu ji ta bakinsa ba. Ga abin da zai ce maka.

Zai ce, "Ina zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis. In na sayar da sa, da kuɗin a jikina nake dawowa, wani lokaci cikin dare. Jandarma ba ya bin bayana. Ɓarayin shanu suna nan. Kowa ya ji abin da ƴan bindiga suka yi wa ƙauyukan bakin iyaka a jihar Maradi. Tun da aka yi yaƙin Libiya a 2011, makamai suka bazu cikin ƙasashenmu. In mugu ya tare ni, zai ba ni lokacin shiri? Ai ba a fafe gora ranar tafiya."

Wannan magana tana da nauyi. Kare rai ba laifi ba ne. Kare iyali wajibi ne a kan mai gida. Dokar ƙasa ma ta yarda mutum ya kare kansa daga wanda ya afka masa, a daidai lokacin da ya afka masa, ba bayan an kwana ba. Wanda bai taɓa bin daji shi kaɗai da dare ba, kada ya yi wa matafiyi dariya.

Amma ka tsaya ka yi lissafi, tun da yanzu ka iya. A rayuwarka duka, sau nawa ɗan fashi ya tare ka? Wani sau ɗaya, wani ko sau ɗaya. To, sau nawa ka yi fushi? Sau nawa aka zage ka a kasuwa? Sau nawa aka yi gardama a bakin rijiya, ko a kan iyakar gona, ko a kan bashi? Wannan ba ya ƙirguwa. Ka koya wa hannunka sauri domin rana guda, amma hannun yana tare da kai sauran ranakun duka. Kuma hannu bai san bambancin ɗan fashi da maƙwabci ba. Abin da ya sani shi ne zuciya ta tashi.

Ɗalibina

Bari in ba ku labarin wani ɗalibina. Ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba, don iyalinsa suna nan.

Saurayi ne mai ƙwazo, mai ladabi. Cikin wata uku ya iya rubuta wasiƙa. Amma yana da wani abu da ya fi so. In an taru da yamma, yakan nuna wa abokai yadda yake zare wuƙa daga damtse. Kafin ka ƙyafta ido tana hannunsa. Abokai suna tafi, yana jin daɗi. Ni ma na taɓa gani, na yi murmushi na wuce. Ban ce masa komai ba. Wannan shirun nawa yana damuna har yau.

Wata kaka, bai gama kwashe wakensa ba, shanu suka faɗa gonar. Ya ruga. Ya iske yaro makiyayi yana ƙoƙarin fitar da su. Magana ta yi zafi. Yaron ya ɗaga sandarsa. Waɗanda suka gani daga nesa sun ce saniya yake shirin kora. Ɗalibina ya ga sanda a sama kawai. Kafin ya san abin da yake yi, wuƙa ta fita.

Allah ya sa yaron bai mutu ba, amma hannunsa na dama ya shanye. Mai gari da hardo suka kwana ba barci, suna hana mutanen ɓangarori biyu fitowa. Aka kai ɗalibina kaso. Waken da aka ɓata bai kai buhu ɗaya ba. Kuɗin magani da na shari'a suka cinye bijimin gidansu.

Daga kaso ya aiko mini da wasiƙa, da rubutun da na koya masa. A ciki ya ce, "Mushe, wallahi ban yi niyya ba. Hannuna ne ya riga ni."

Na yarda bai yi niyya a ranar ba. Amma wa ya koya wa hannun? Shi ne, kowace yamma, a gaban abokai. Niyyar ba a gona aka yi ta ba. An yi ta tun can baya, kaɗan kaɗan. Shi ya sa alƙali bai karɓi wannan uzuri ba. Mutum yana ɗaukar alhakin abin da ya saba wa kansa.

Ko gwanaye suna kuskure

Wani zai ce, ai wannan yaro ne, bai samu horo na gaske ba. To, mu koma Amurka, inda horon ya fi yawa.

Ran 11 ga Afrilu 2021, a jihar Minisota, ƴan sanda suka tsayar da wani saurayi mai shekara 20, sunansa Dante Rait. Cikinsu akwai wata ƴar sanda, Kim Fota, wadda ta yi shekara 26 tana aiki. Tana ɗauke da bindiga, tana kuma ɗauke da wata na'ura mai wutar lantarki da ake kayar da mutum da ita ba tare da an kashe shi ba. Bakinta ya ambaci na'urar, amma hannunta ya zaro bindiga. Ta harba, saurayin ya mutu. Ta ce kuskure ne. Kotu ta same ta da laifin kisa ba da niyya ba, ta ɗaure ta. Ka gani, baki ya faɗi abu ɗaya, hannu ya yi wani.

Akwai kuma wata illa ta ɓoyayyen makami. In kowa ya san ana ɓoye makami cikin riga, to, duk hannun da ya nufi aljihu ya zama abin tsoro. Ran 4 ga Fabrairu 1999, a birnin Niyok, wani ɗan ƙasar Gine mai suna Amadu Jallo, mai ƙaramin talla a bakin titi, yana tsaye a ƙofar gidan da yake zaune. Ƴan sanda huɗu suka nufo shi da dare. Ya sa hannu ya ciro jakar kuɗinsa. Suka ɗauka bindiga ce. Suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi. Ba shi da makami ko ɗaya.

A ƙasar nan da mutane suka fi kowa tanadin bindiga don kare kai, bindiga ta kashe mutum 48,830 a shekarar 2021 kaɗai. Fiye da rabinsu su suka kashe kansu da hannunsu. Makamin da aka ajiye domin baƙo, sau da yawa ɗan gida yake ci.

Ka kawo wannan gida. Ka ce kowa a kasuwar Magariya ya tabbata na kusa da shi yana da wuƙa a ɓoye, kuma ya iya zare ta. Yaya ciniki zai kasance? Za ka iya cewa mutum ya yi maka ƙwange a mudu? Za ka iya tambayar bashinka? Ka sa hannu a aljihu ka ciro goro, wani ya riga ka. Saurinka yana sa maƙwabcinka neman sauri. Saurinsa kuma yana ƙara maka tsoro. A ƙarshe babu wanda ya ƙaru, sai dai kowa ya rasa barci.

Daƙiƙa guda, shekaru na kuka

A wajenmu sara guda ba ya tsayawa kan mutum biyu. Kowa yana da dangi. A watan Oktoba 1991, a Toda ta ƙasar Gidan Rumji, rikici ya tashi tsakanin manoma da makiyaya. Aka kashe fiye da mutum 100, yawancinsu mata da yara na makiyaya. A watan Nuwamba 2016, a Bangi ta ƙasar Madawa, faɗa a kan ɓarnar gona ya jawo mutuwar kusan mutum 20. A nan ma akwai mata da yara cikin mamatan. Waɗanda suka mutu, mafi yawansu ba su je gonar ba, ba su ga saniyar ba.

Ƙasarmu ta Magariya da Dungas tana cike da jama'a. Gona tana jikin gona. Dabbobi suna gangarawa kudu da kaka, suna hawowa arewa da damina. Dole a riƙa gogayya. Inda ake gogayya kullum, mai saurin hannu kamar mai yawo da garwashi ne a tsakiyar rumbuna.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. In magana ma ba ta komawa, ina ga wuƙa? Kana iya mayar da ita kube, amma jinin ba ya komawa jiki. Rubutu in ka yi kuskure, sai ka goge allo ka sake. Makami ba shi da magogi.

Amsata

To, ga yadda na ga abin. Ban ce kowa ya jefar da wuƙarsa ba. Wuƙa kayan aiki ce. Da ita ake yanka, da ita ake gyaran igiya. Makiyayi a daji yana bukatar sandarsa. Soja da jandarma dole su koyi makami, don aikinsu ne, kuma akwai doka da shugabanni a kansu.

Abin da na ce shi ne, sauri ba shi ne jaruntaka ba. Tsakanin fushi da sara akwai ɗan lokaci ƙanƙane. A cikin wannan ɗan lokaci hankali yake aiki. A nan kake gane cewa wanda ke gabanka yaro ne. A nan kake tuna ƴaƴanka. Mai gwajin zare makami kullum, wannan ɗan lokacin yake rage wa kansa. Yana ganin ya ƙara ƙarfi, alhali ya kori mai ba shi shawara ne.

Don haka duk wanda zai ɗauki makami, wajibi ne ya fi gwanancewa wajen barinsa cikin kube. Wannan ma koyo ne. Haƙuri ba ya faɗowa daga sama ranar rikici. Shi ma gora ne, ba a fafe shi ranar tafiya.

Abin da za mu koya wa hannu

Na ɗaya, ka raba wuri da wuri. Daji daban, gari daban. In za ka kasuwa, ko biki, ko bakin rijiya, ko gaban mai gari, ka bar makami a gida ko a masauki. Abin da ba ya jikinka, hannu ba ya kai masa.

Na biyu, in an ce maka dabbobi sun shiga gonarka, kada ka tafi kai kaɗai, kuma kada ka tafi da makami. Ka kira mutum biyu masu hankali su zama shaidu. Kai ma makiyayi, in dabbarka ta yi ɓarna, kada ka gudu, kada ka ɗaga sanda. Ka nemi hardo.

Na uku, ka saba wa jikinka wani abu da za ka yi in zuciya ta tashi. Ka haɗa hannuwanka a baya. Ka ja da baya taki uku. In kana tsaye ka zauna. Ka gwada wannan a ƙananan gardama na gida, har ya zauna a jiki kamar rubutun sunanka.

Na huɗu, ka san hanyar doka. Tun ran 2 ga Maris 1993 ƙasarmu take da dokar karkara. Ita ce ta kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda yanzu ake samu a gunduma, da ƙaramar hukuma, har da ƙauyuka. A 2010 aka ƙara dokar kiwo. Dokokin nan sun kare burtali da mashaya, sun kuma kare gona. Kowace shekara hukuma tana sa ranar sakin gonaki. In an yi ɓarna, ana fara sulhu a gaban mai gari da hardo, sannan sarki. In abin ya gagara, a je gaban alƙali.

A nan karatunka zai yi maka rana. Ka rubuta ranar da aka yi ɓarnar. Ka rubuta sunayen shaidu. In an yi sulhu, ka nemi a rubuta, ka karanta da idonka kafin ka sa hannu. Takarda ba ta da sauri, amma ba ta kai mutum kaso.

Na biyar, mu manya mu daina tafa wa mai saurin wuƙa. Yaro yana maimaita abin da ake yabonsa a kai. Mu yabi wanda aka zaga ya haɗiye. Mu yabi wanda ya shiga tsakani. Ni na yi shiru sau ɗaya, na ga abin da shirun ya haifa.

Kada wani ya ce ajiye makami ragwanci ne. Ran 25 ga Satumba 2000, a Agadas, aka tara bindigogi fiye da 1,000 na tsofaffin ƴan tawaye aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Waɗanda suka miƙa su mutane ne da suka san yaƙi da idonsu. Ba tsoro ne ya sa su ba. Sun ga abin da makami yake bari a bayansa.

Ɗalibin nan nawa ya fito. Ya koma noma. In ya haɗu da yaron da ya sara a hanyar kasuwa, sunkuyar da kai yake yi. Ya ce mini da zai iya sayen daƙiƙa guda ta wannan rana, da ya ba da gonar duka. Da na sani ƙeya ce.

Kai mai karatu, in kun taru a makaranta, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Ku tambayi juna: a garinmu, wane wuri ya kamata a hana shiga da makami? Su wa za a kira in an yi ɓarna? Ku rubuto mana abin da kuka yanke.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa hankalinmu ya riga hannunmu. Amin.